Ba kowace wahala ake ce wa gwajin Allah ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu bin Almasihu na ƙasar Zuru da Yawuri da Birnin Kebbi, musamman fastoci, masu bishara, dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata. Maƙwabtanmu Musulmi da za su karanta su ma zancen ya shafe su ta wani gefe, tunda ɓarayin daji ba sa tambayar addinin mai garke kafin su kora shanu.

Kalma guda ce ta sa muka ɗauki alƙalami, kalmar da ta yi araha a bakinmu: gwaji. An kwashe shanu, gwaji ne. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, gwaji ne. Yaro ya faɗi jarrabawa don bai buɗe littafi ba, gwaji ne. Mai gida ya kai kuɗin taki gidan burkutu, masara ta yi ja a gona, shi ma da ka tambaye shi sai ya ce Ubangiji ne ke gwada shi. Kalmar gaskiya ce, tana nan cikin Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa. Amma gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake yi, kuma akwai gidajen da wannan kalma, da aka faɗa ba a wurinta ba, ta kai su ga haƙa kabari.

Yakubu 1:13-15 ya raba gari da tsakuwa. Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Sha'awar mutum ce ke jan sa, ta yi ciki, ta haifi zunubi. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar gwaji da ta jaraba. Hausa ta ba mu biyu, ya kamata mu more su. Gwaji yana fito da abin da ke cikin zuciya don ya ƙarfafa ta. Jaraba kuwa so take ta kayar da mutum. Ban da waɗannan akwai horo, wanda Ibraniyawa 12 ya kwatanta da na uba ga ɗansa, akwai kuma girbin abin da mutum ya shuka da hannunsa. Bitrus bai ɓoye ba: wanda ya sha dūka saboda laifinsa ba shi da abin yabo (1 Bitrus 2:20). Sai na ƙarshe, zaluncin mutane, wanda shi ne ya fi damun ƙasarmu a yau.

Saboda haka dattijon da aka kawo wa kuka kada ya yi saurin laƙaba wa abin suna. Ya fara da tambaya. Yaushe abin ya fara? Me aka yi ana gab da farawarsa? Akwai bashi, akwai giya, akwai wanda aka cuta? An je asibiti, me aka ce? Shin hanyar fita da ke gaban mutumin sai ya yi ƙarya ko ya ci amana kafin ya bi ta? In amsar wannan ta ƙarshe i ce, to jaraba ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. In kuwa an bincika ba a sami laifi ba, kada a ƙirƙiro shi. Almajirai sun tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9). Mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13:4). Wanda ya tuna haɗarin jirgin ruwan da ya ci mutane da yawa a yankin Wara cikin 2021 ya riƙe wannan aya kafin ya buɗe baki.

Labarin Ibrahim a Farawa 22, inda Allah ya umarce shi ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya, shi ne aka fi wa'azi a kai, shi ne kuma aka fi murɗewa. A duba yadda aka zana shi. Ya tashi da sassafe, ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, ya faskara itace da kansa, ya ɗauki barori biyu. Tafiyar kwana uku ce zuwa ƙasar Moriya, wato yana da isasshen lokacin da zai juya da ya ga dama. Ishaku ne ya ɗauki itacen, uban ya riƙe wuta da wuƙa. Wannan ɗa kuwa shekara 25 aka yi ana jiransa, domin Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, yana da 100 aka haife shi. A ƙarshe aka tsai da hannunsa, rago ya maye gurbin yaron.

Yanzu kuma sai ga mai wa'azin tarurruka ya kafa lasifika, ya ce kowa ya kawo Ishakunsa. Ishakun wannan babur ne da yake kabu-kabu da shi, na wancan shanun huɗa, na gwauruwa kuma keken ɗinki. Muna tambayar irin waɗannan masu wa'azi: wa ya koma gida da Ishaku a ranar nan? Ubansa ne. Babu wani na uku da ya tsaya a gindin dutse yana jiran ya karɓe shi. Ba ta bakin mai cin riba umarnin ya zo ba. Duk gwajin da mai sanar da shi ne zai sa kayan a mota ya tafi da su, a bincike shi da kyau. Maimaitawar Shari'a 13:1-3 ta ma ce annabin da alamarsa ta cika amma yana karkatar da jama'a, shi kansa gwaji ne gare su, a ga ko za su bi shi. Wanda kuma ya ce yana jin murya tana umartarsa ya cuci ɗansa, kada a tsaya muhawarar aya da shi. Shari'a ta haramta miƙa 'ya'ya hadaya. A raba shi da yaron a ranar, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, addu'a ta bi shi can.

A ganinmu gwajin da ya fi kama da rayuwar manomi da ɗan kasuwa yana Fitowa 16, ga shi ba a cika karanta shi ba. Aya ta 4 ta faɗa ƙarara cewa an ba da manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, don a gwada ko jama'a za su bi umarni. Gwajin kuwa na awo ne. Kowane kai omer ɗaya, kimanin lita 2, abin da bai wuce kwanon awo guda ba. Kada a bar saura ya kwana. Waɗanda suka ɓoye, gari ya waye ya yi tsutsa yana wari. Ran shida a tara ninki biyu, wannan kuwa ya kwana lafiya. Ran bakwai wasu suka fita da kwanukansu, suka dawo hannu rabbana. Haka aka yi shekara 40, kullum safiya ban da ran bakwai.

Ba wuƙa a nan, ba dutse, kwano ne kawai. Mai bi da ke jiran babban gwaji irin na Ibrahim ya duba mudunsa tukuna. Akwai mai mudu biyu, babba na saye, wanda aka bubbuge gindinsa ya shiga ciki na sayarwa, alhali Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu. Akwai mai zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhun dawa ya rufe da mai kyau a sama. Akwai mai riƙe kuɗin 'yan ƙwadago ya ce sai ran kasuwa, bayan Littafin Firistoci 19:13 ya ce ladan ɗan ƙwadago kada ya kwana a hannunka. Ma'ajin ikkilisiya da ya ranci baikon Lahadi da niyyar mayarwa bayan kaka yana cikin layin nan. Mutumin ƙasar Zuru ba ya bukatar dogon bayani, domin ya san golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata: ba a rana ɗaya surukai suke gane saurayi ba, kunya bayan kunya ne, damina bayan damina, har shekarun su cika.

Sarki Saul ya faɗi nasa gwajin ne a kan 'yan sa'o'i. An ce ya jira annabi Sama'ila kwana bakwai a Gilgal. Ya jira, ya ga mayaƙa suna watsewa, tsoro ya kama shi, ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ce. Yana gamawa Sama'ila ya iso (1 Sama'ila 13). A sura ta 15 kuma ya bar kyawawan tumaki da shanun da aka hana shi, ya ce don hadaya ya bar su, sai kukan dabbobin ya tona masa asiri. A nan ne aka ce masa biyayya ta fi hadaya. Za mu faɗi abin da ake raɗa a kai ba a faɗa a bagade. Wanda ya sayi sa a rabin kuɗinsa, ya san sarai daga garken wa aka koro shi, ya kuma fid da zakka daga ribar, Saul ne. Haka mai kai wa ɓarayi fetur ko burodi ko labarin wanda ya sayar da amfanin gona. Mun san wasu tilasta musu aka yi da bakin bindiga, waɗannan maganarsu dabam ce, a saurare su a asirce a nema musu mafita. Amma wanda riba ta kai shi, ikkilisiya kada ta karɓi baikonsa don ana gina sabuwar majami'a.

Littafin Ayuba kamar a Danko-Wasagu ko Sakaba aka rubuta surarsa ta fari. Tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun noma 1,000, jakuna mata 500. Mahara suka auka wa shanu suna cikin huɗa, suka karkashe barori. Kaldiyawa suka kasu ƙungiya uku suka kwashe raƙuma. Abin lura shi ne, littafin da ya nuna mana Allah ya yarda a gwada Ayuba, shi ne kuma ya ambaci maharan da sunan kabilarsu. Kasancewar abin gwaji ga Ayuba bai wanke ɓarawo ba. Don haka in fasto ya ce wa jama'a su yi haƙuri gwaji ne, kada maganar ta zama dalilin ƙin kai rahoto ga hakimi da jami'an tsaro, ko ta zama bargon da shugabanni za su lulluɓa da shi. Sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 aikin mutane ne, kuma akwai waɗanda haƙƙin tsare yaran yake wuyansu.

Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi daidai na kwana bakwai, lokacin da suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka ɓata, har Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu (Ayuba 42:7). Ga yadda muke ganin ya dace a shiga gidan da aka yi wa ɓarna. Mutum biyu ko uku sun isa, kada a kwaso ƙungiyar mawaƙa. Za a tarar da mai gidan a bakin turke, igiyoyi a yashe, kashin shanun jiya bai ko bushe ba, yara suna leƙe ta zana. A zauna inda ya zauna, ko a ƙasa ne. Mata su wuce ciki su duba tukunya, su ga ko an ɗora wani abu tun safe. Sau da yawa ba a ɗora ba. Addu'a ta zama gajeriya. Kada a ce da ka yi kaza, kada a ce akwai dalili, kada a kawo labarin wanda nasa ya fi muni. In ya yi kuka ko ya yi wa Allah tambaya mai zafi, a bar shi, Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa ma, Zabura kuma cike take da irin wannan kuka. Sai a sa ranar dawowa, a kuma dawo. Mako na uku ne ya fi tsanani, sa'ad da masu jaje suka ɗauke ƙafa.

Ana son ambaton yadda aka ninka wa Ayuba dukiyarsa, tumaki suka zama 14,000. Ba a cika karanta aya ta 11 ta sura 42 ba: 'yan'uwansa da abokansa suka zo suka ci abinci a gidansa, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Da karo-karo aka fara. Wahalar mutum ɗaya gwaji ce ga ikkilisiya duka, kuma mafitar da 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawari, galibi a rumbun maƙwabci take.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wajen ciwo, domin a nan ne gwajin Allah yake juyewa ya zama mutum ne ke gwada Allah. Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya dira, har ya jawo masa Zabura 91 hujja. Amsar ta fito daga Maimaitawar Shari'a 6:16, cewa kada a gwada Ubangiji. Ashe ana iya riƙe aya a hannu ana aikin Iblis. Ishaya, annabi ne sukutum, ya sa aka manna wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita.

To ga abubuwan da kowane mai bishara a ƙauye ya kamata ya sani kamar sunansa. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake shan sa. Bayan wata biyu mutum yakan ji ƙarfi, ya tashi a sujada ya ba da shaidar warkewa, ya ajiye ƙwayoyin. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, tana iya dawowa ta ƙi jin maganin farko, ta kuma kama waɗanda yake kwana ɗaki ɗaya da su. A karɓi shaidarsa, a tambaye shi katinsa na asibiti. Mai ciwon sukari da ke yin allura ko shan ƙwaya, da mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada a sa su azumin kwana uku ba ci ba sha. In mai sukari ya fara rawar jiki da zufa da surutai a wurin addu'a, ba aljani ba ne, sukarinsa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take. Naƙudar da ta kai yini guda ko dare guda ba haihuwa, a nemi mota, jinkiri shi ke jawo mutuwar jariri da yoyon fitsari. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'a biyu. Wanda kububuwa ta sara a gona, ko da ya ce ba ya jin komai, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, kada a tsaya karanta Markus 16, inda aka ce masu bi za su ɗauki macizai. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, maganinsa allurar dafin maciji ce a asibiti. A yi addu'ar a kan babur.

Haka zancen gudu. Ana samun masu cewa barin ƙauye rashin bangaskiya ne. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). An zurara Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu da dare. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). In labari ya zo ana ganin babura a daji, a ɗage addu'ar dare zuwa rana, a gajarta sujada, a fara fid da tsofaffi da yara. Faston da ya zaɓi ya tsaya, nasa ne, amma kada ya ɗaure lamirin mai 'ya'ya bakwai.

Waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa kuma, a yi hattara da su. Kada a tsai da su gaban jama'a Lahadin farko a ce su ba da shaida. A fara da asibiti, a duba zazzaɓi da raunuka da sauran abin da likita ya ga ya dace. Matar da aka yi wa fyaɗe ba ta yi zina ba, ba a sa ta ƙarƙashin horon ikkilisiya, ba a hana ta Jibin Ubangiji, in ta dawo da ciki kuwa jaririn ba shi da laifi. A zauna da mijin dabam, domin shi ma yana cikin nasa gwajin, kuma dangi za su cika masa kunne. Wanda tsoro ya sa ya faɗi abin da yake nadama a kai, a tuna Bitrus ya yi musu sau uku a bakin wuta, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki.

Akwai gwajin da ba mai kawo kukansa, na ƙoshi. An ce Allah ya bar Hezekiya don ya gwada shi a lokacin da jakadun Babila suka zo, lokacin da taskarsa take cike (2 Tarihi 32:31). Wanda ya sami muƙami a Birnin Kebbi, ko shinkafarsa ta yi kyau a fadama, dattawa su riƙa leƙa shi kamar yadda suke leƙa mara lafiya.

Shawara ta ƙarshe ta rumbu ce. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Mu ba mu ce a kai haka ba. A lokacin godiyar kaka kowane gida ya kawo abin da ya iya, ko mudu biyu ne, a ware shi dabam da abin da ake ba fasto. Kada a sayar a sayi kujeru. A shanya hatsin sosai, a gwada da haƙori, in ya fashe ƙaras ya bushe, in ya lotsa a mayar rana, domin danshi ke kawo fumfuna. Wake da masara a zuba a buhun PICS, mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera da sanyin ƙasa. Kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin shugabar Zumuntar Mata, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Kada a tara shi duka a ƙauyen da ake yawan kai wa hari, a raba wani kaso zuwa cikin gari. A buɗe shi a Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a fara da gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, maƙwabci Musulmi da ke cikin yunwa kuma kada a tsallake ƙofarsa. Rabon ya zama da yamma, gida gida, ba a kiran suna a majami'a.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Daga wasu dattawan ikkilisiya da malaman Littafi Mai Tsarki,
Zuru, Jihar Kebbi.